Rabon Gwaggo

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
9 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Kalilu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Barira da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Allah ya sa ka daina yi mata taurin kai, kana shafa maganin da na bar maka. Mu nan lafiya lau, sai Rayyan da ya ɗan yi mura, ya kuma warware. Abbansa yana gaishe ka. Kullum yana ɗakin bincike, ƙeyarsa kawai muke gani.

Ka ce kada in riƙa kiranka, wai maganar waya iska ce. To ga shi na bi umarni, na rubuta da hannuna na ɗauki hoto. Ranar da ka shiga kasuwa ka samu sabis sai ka karanta.

Kawu, garin nan ruwa ne kawai. Kullum bayan la'asar sai sama ta ɓalle, shanya ba ta bushewa, jikin mutum ma haka. Rayyan kuwa ya zama ɗan gari. In ce masa zo ka ci abinci, ya dube ni ya ce "sudah makan lah", wai ya riga ya ci. Na ce masa ranar da muka koma Tungar Ashafa ya yi maka wannan yaren, zai gane kurensa.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ɗauki biro. Benen da muke haya yana jingine da wani tudu mai duhuwa, birai sun cika shi. Ranar Talata na sayo shinkafa a kedai ɗin mamak, wato shagon abincin da ke ƙasa, aka ƙulla mini a leda zan hau sama, sai wani ƙaton biri ya fizge ledar daga hannuna, ya haye katanga, ya zauna yana ci yana kallona. Wallahi har da lashe yatsa! Maƙwabta dama sun gaji, suka kai ƙara. Da aka ce ma'aikatan namun daji za su zo, na leƙo ta taga ina jiran in ga bindiga, don ita na sani. Sai ga su da keji guda da wata yarinya mai hijabi da ba ta kai ni shekaru ba. Ta tara mu a ƙasan bene, ta zauna a kujerar roba, ta ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Aka yi ta magana har ta gano wani tsoho ne a hawa na biyu ke jefa musu ayaba, saboda tun da matarsa ta rasu ba shi da abokin hira sai su. Ba ta ci masa mutunci ba. An canza mana kwandunan shara masu murfi, an kama uban garken an kai shi nesa. Birai ba su daina zuwa ba, amma sun ragu, mutane kuma sun daina zagin hukuma.

Na koma ɗaki ina ta tunani. Ni da kai hukuma ɗaya muke wa aiki, ta namun dajin gida, kai tun kafin a haife ni. Yaushe muka taɓa tara mutane muka tambaye su abin da ke damunsu? Mu dai kaki da bindiga da ankwa. Mutane sun ƙaru, gona ta ƙaru, kowane yaro da waya a hannu, mu kuma muna nan da dokar da Turawa suka bari. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma tamu rawar ko ƙafa ba ta ɗaga ba.

Malamar da ke duba aikina ta ce in zaɓi misali daga gida in yi rubutun digirina a kai. Ban yi dogon tunani ba na ce Gwaggo. Na ba ta labarin dorina guda ɗaya tak da ta rage a koginmu, wadda gari ya sa wa suna Gwaggo don girmamawa. Na faɗa mata yadda masunta ke buga filafili a jikin kwalekwale in za su wuce makwancinta, ita kuma ta ɗago kai ta huro hanci, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake. Na faɗa mata ciyawar bakin kogi da ba a nomawa tun kaka da kakanni, wadda ake kira rabon Gwaggo, don ta ci ta ƙoshi ta bar gonakin mutane. Matar nan ta ajiye tabaranta ta ce, "Kuna da wannan a gida kika zo nan neman me?"

Don haka, Kawu, ka ba ni labarin Gwaggo dalla-dalla. Tana nan yadda na bar ta? Har yanzu ina tuna ranar da ka fara ɗora ni a kwalekwale bayan rasuwar Umma, ka ba ni filafili ka ce in buga, ta ɗago na ƙwalla ƙara, kai da Yaya Mus'ab kuna ta yi mini dariya. Af, yana ina ne yanzu? Har yanzu yana birni wajen neman aikin? Na kira lambarsa ba ta shiga.

Taka,
Bilqis

*

Tungar Ashafa
28 ga Disamba

Balki,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a rumfar mai shayi ranar kasuwa, na sake karanta wa Innarki a gida. Mun yi dariyar biri. Ta ce ki gode Allah da ya bar miki jakar. Ƙafa da sauƙi, sanyi ne ke tayar da ita. Ki gaishe da maigidan da yaron. Na ga kina rubuta sunan ɗanki na fari ɓaro-ɓaro a takarda, ko nauyin baki ba ki ji. Zamani ke nan. Mu a namu tashin, uba ya kama sunan ɗan fari abin faɗa ne a gari. Wanda kika tambaya yana nan lafiya.

Batun Gwaggo, da na so in ba ki labari mai daɗi.

Garin da kika bari ba shi ba ne. Tun da injinan ban ruwa suka yi araha, shinkafar rani ta cinye fadama kakaf. Daga gindin tsamiyar makaranta har bakin ruwa kore ne shar, in kin gani sai ki ce Allah ya yi albarka, kuma ya yi ɗin. Baƙi sun zo daga nesa sun kama haya, ba su san Gwaggo ba, ba su san buga filafili ba. Samarin gari ma da yawa sun ce wannan camfin tsofaffi ne. Abin da ya rage mata shi ne ɗan zirin ciyawar nan na bakin makwancinta. Shi nake gadi, ni kaɗai, da babur ɗin da ofis ya daina ba wa mai tun bara.

To bana wani yaro ya sa garma a rabon Gwaggo.

Ba mugun yaro ba ne. Ya yi karatu, ya yi ta yawo da takardu a birni har takalminsa ya cinye, ya dawo gida ba komai. Ya nemi fili, ko'ina an kama, sai wannan. Na same shi a wurin na yi masa magana. Ya sunkuyar da kai har na gama, ya ce, "To in ci me?" Washegari ya koma. Gwaggo ta shiga ta kwashe masa irin da ya yafa, ya sake yafawa. Yanzu ya kafa bukka a wurin yana buga gwangwani yana korar ta, ita kuma da yunwa ta ishe ta sai ta haura gonakin wasu. An fara gunaguni a masallaci.

Balki, a aikin nan na kama maharba, na kama masu gawayi, ban taɓa jin tsoron kowa ba. Amma wannan yaron hannuna ya yi nauyi a kansa. Abin ya fi ƙarfina. Da damina zan ajiye aiki, burina in bar Gwaggo da rai, in miƙa ta ga wanda zai zo bayana. Yanzu ban sani ba.

Abin da yarinyar can ta yi muku da kujerar roba ya burge ni. Sai dai mu namu ofishin, in ka kai musu kuka, abu biyu ne a aljihunsu, ankwa da bindiga, kin san su.

Ki dage da karatu. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Kalilu

*

Pantai Dalam
2 ga Janairu

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Ka yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce, don raina a ɓace yake.

A cikin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, na karanta takardarka, ina dawowa daga makaranta. Sai da na wuce tashata ban sani ba. Haba Kawu! Kai ne yau kake cewa wani yaro ya fi ƙarfinka? Ɗan wane ne shi? Na san dai ba a banza hannunka ya yi nauyi ba, ruwa ba ya tsami banza. Ko ɗan wani kansila ne, ko akwai mai kuɗin da ya tsaya masa, kai kuma ba ka so ka faɗa don kada raina ya ɓaci. To ya riga ya ɓaci. Don ya yi karatu bai samu aiki ba sai ya cinye abincin dabbar da ta girmi ubansa a kogin? Marar kunya kawai. Mu nawa ne muka sha wahalar neman aiki ba mu taɓa amanar gari ba?

Ba zan zauna a nan ina rubuta labarin Gwaggo a takarda, can kuma yunwa tana kashe ta ba. Kai ka ce ya fi ƙarfinka, to ni na ɗauke maka. Jiya na rubuta wa Darakta, kuma na aika. Kada ka damu, ban sa sunanka a matsayin mai ƙara ba, na ce bincikena ne ya nuna.

Abu uku na roƙa. Na farko, hukuma ta je Tungar Ashafa ta zauna da manoma da masunta da baƙin, a saurare su, kamar yadda na ga an yi a nan. Na biyu, a haƙa rami tsakanin ciyawa da gonaki, a ɗauki samarin garin aikin, a kuma nema wa wanda ya rasa fili wani wurin. Na uku, kafin a yi duk wannan, a tsayar da noman da ake yi a rabon Gwaggo nan take. Na haɗa da hotunan yadda ake yi a wasu ƙasashe, malamata ma ta duba ta ce ya yi.

Ka gani, Kawu, ko yaron ban manta da shi ba, duk da bai cancanta ba. Na san ofishinmu da jan ƙafa, amma takarda daga ƙasar waje tana da kwarjini a wurinsu, za ka gani. Wannan karon ba za a ce ba a faɗa musu wata hanyar ba.

Ka ce wanda na tambaya yana nan lafiya, amma ba ka ba ni sabuwar lambarsa ba. In ya leƙo gida ka ce masa ina fushi.

Bilqis

*

Tungar Ashafa
11 ga Janairu

Balki,

Muna lafiya. Na ga takardarki yau.

In akwai yadda za ki janye abin da kika aika, ki janye. In babu, Allah ya kyauta.

Kalilu

*

Pantai Dalam
13 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu muna nan ƙalau. Rayyan ya fara zubar da haƙoran gaba, yana ta nuna wa kowa giɓinsa.

Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko tun bayan 'yar guntuwar taka, ba amsa. Na karya dokarka na kira, waya a kashe. Na kira Inna Barira, ta ɗauka, muka gaisa, da na ce ina Kawu sai ta ce ka fita, daga nan layi ya katse. Muryarta ba ta yi mini daɗi ba.

Fushi kake yi don na tsallake ka na je wurin Darakta? In haka ne ka yi haƙuri, ban yi don in raina ka ba. Amma Kawu, janyewa fa? Ku mutanen zamanin da, kun saba da tsoron ofis, ko gaskiya ce da ku sai kun rufe ta da zani. Shi ya sa hukumar nan ta tsufa a tsaye. In ba mu taɓa ta ba, wa zai taɓa? Ni ban janye ba, kuma ko na so ba yadda za a yi, sakatarensa ya riga ya amsa mini cewa za a ɗauki mataki.

Nan ana hutun sabuwar shekarar 'yan China, gari ya yi fayau, shaguna a rufe, sai ƙarar abin wasan wuta da ke firgita ni. Abban Rayyan ya ce in kwantar da hankalina, wataƙila wayarka ce ta lalace. Ni dai na kasa rubuta ko layi ɗaya na aikina. Ina zama a bakin taga, ruwa yana zuba, birai suna fakewa a ƙarƙashin rufin wurin ajiye motoci. Tsohon nan na hawa na biyu har yanzu yana jefa musu ayaba a ɓoye, na gan shi, ban faɗa wa kowa ba.

Don Allah ko layi biyu ne ka rubuto. An zo an yi zaman? Gwaggo fa?

Taka,
Bilqis

*

Pantai Dalam
24 ga Maris

Kawu,

Barka da shan ruwa. Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, don na san babu ita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, na gani.

Jiya na je Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu yadi, in saya wa Inna Barira mayafin Sallah, akwai mai tafiya gida sati mai zuwa. A wani shagon yadi na haɗu da Hadijatu, matar wani malami da ke unguwar Setapak, 'yar ƙaramar hukumarmu ce. Muka gaisa, sai ta ce, "Ke ba 'yar Tungar Ashafa ba ce? Kin ga abin da ma'aikatan daji suka yi a garinku?" Ba ta san aikina ba. Ta ciro waya ta miƙo mini, ta ce tun watan jiya yake yawo.

Na ga motar ofishinmu a bakin kogi. Na ga an tattake shinkafa. Na ga ana jan wani da ankwa, rigarsa duk taɓo, mutane suna ihu. Da ya juyo sai na ga Yaya Mus'ab. A gefen mota kuma kai ne a tsaye cikin kaki, hularka a hannu, kana kallon ƙasa.

Ban san lokacin da na zauna a kan dilar yadi ba. Mai shagon ya kawo mini ruwa, ya manta azumi ake yi. Hadijatu tana ta cewa lafiya, lafiya, na kasa ce mata ni ce na aiko motar.

Na dawo gida na buɗe takardarka ta Disamba. Komai yana ciki. Ka ce uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ka ce wanda na tambaya yana nan. Ka ce ya yi yawo da takardu a birni. Ka ce hannunka ya yi nauyi. Da Umma ce ta karanta, tun layin farko za ta gane. Ni da na girma a gidanka, na ji ka shekara da shekaru kana ce masa "kai" da "yaron nan", na zo nan na karanta ta kamar rahoton ofis, ina neman ɗan kansila. Har marar kunya na kira shi, a takardar da na aiko wa ubansa. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makaranta ranar da ruwa ya cinye hanya.

Kuma ina zaman? Ina ramin? Cikin abu ukun da na roƙa, na ukun kawai suka gani? Garin neman gira na rasa ido, Kawu, kuma ba idona kaɗai ba.

An sake shi? Yana ina? Ka ba shi wannan takardar ya karanta, ko ka ba ni inda zan same shi ya zage ni da bakinsa. Na sake rubuta wa Darakta, na kira ofis har sun daina ɗauka. Na ce wa Abban Rayyan zan ajiye karatun in taho, ya ce in jira in ji daga gare ka.

Ka yafe mini. Ko ba za ka yafe ba, ka yi mini magana.

Bilqis

*

Tungar Ashafa
20 ga Afrilu

Balki,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Mayafi ya iso, Innarki ta gode, ta ajiye shi a akwati. Ƙafa tana nan. Ki gaishe da maigidan da yaron.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, in rasa ta inda zan fara. Yau na ce ko ta ina ne sai na gama, don kada ki sake jin wani abin a wayar mutane.

Sun zo da takardarki a hannu. Shugaban tawagar ya nuna mini, ya ce abu na ɗaya da na biyu sai an sa a kasafin baɗi, na uku kuwa ba ya cin komai sai man mota. Na roƙe shi ya bar ni in sake gwadawa. Ya ce ai ga shi an rubuta daga ƙasar waje, in ba su motsa ba za a ce ba sa aiki. Ba mugun mutum ba ne shi ma. Abin da aka koya masa ya yi.

Sati biyu yaron ya yi a tsare, aka ci shi tara, aka sake shi. Amma gari ya riga ya juya. Mutanen da suka yi shekaru suna buga filafili suka ce ashe dabba ta fi ɗan mutum daraja a wurin gwamnati. Samari suka cinna wa sauran ciyawar wuta. Ba wanda ya ƙara bugawa in zai wuce. Gwaggo ta rasa abinci, ta rasa sanin wa ke zuwa, ta zama abin da ban taɓa sani ba. Ana saura kwana kaɗan azumi ya ƙare ta kifar da kwalekwalen Hussaini mai kifi, ta karya masa hannu. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Gari ya rubuta ƙara. Ofishin da ya aiko ankwa don a cece ta, shi ya aiko maharbi da takardar izini.

Maharbin baƙo ne, bai san kogin ba. Na duba na ga in na bar shi zai yi ta harbi a ruwa, ya ji mata ciwo ta haukace ta kashe mutane, ita ma ta daɗe tana wahala. Sai na ce ya shigo kwalekwalena. Da hantsi muka isa makwancinta. Ruwa shiru, ba alamarta. Ya ce ko ta gudu ne. Na ce tana nan.

Na ɗauki filafili na buga, yadda na koya miki.

Ta ɗago, Balki. Duk abin da aka yi mata, da ta ji bugun sai ta ɗago kai ta huro hanci tana dubana. Harbi ɗaya ya yi.

An jawo ta da tarakta, aka raba nama, har daga maƙwabtan garuruwa an zo da buhuna. Mutanen ofis sun ɗauki hoto a kanta. An aiko mana da kasonmu, Innarki ta mayar. Na miƙa kakina tun kafin damina ta zo, ban ga abin da zan ƙara gadi ba.

Kada ki ajiye karatu. Abin da kika roƙa na ɗaya da na biyu daidai ne, da an yi su da yanzu wani labarin nake ba ki. Ki gama ki dawo ki zauna a ofishin nan har ki kai inda za a ji maganarki, don akwai sauran koguna, akwai sauran yara marasa fili. In kin tashi, ki sa a fara sayen kujerar roba kafin man mota. Batun yafiya kuma, na yafe. Ke kin karanta da sauri, ni na rubuta da rabin baki. Kalma ɗaya ce da na sa, da ba ki aika ba.

Kin ce in ba shi takardarki. Ba ya nan. Tun ranar da aka sake shi bai ƙara cin abinci a gidan nan ba. Ya ce wa uwarsa ba ankwar ce ta dame shi ba. Wai da suka tambaye ni a bakin kogi ko na san shi, ya ji abin da na ce. Cewa na yi, "Yaron garin nan ne." Wallahi ba gudunsa na yi ba, bakina ne bai saba ba. Washegarin Sallah ya ɗauki jakarsa, an ce an gan shi a tashar motocin Agadas. Bai yi wa kowa sallama ba.

Ku da kuke da wayoyi kuna jin labarin duniya. In kin ji wani ya ce ya haɗu da shi, ko a ina ne, ki sa a faɗa masa ubansa yana nemansa. Ki ba su sunan sosai don kada a yi kuskure. Mus'ab Kalilu. Ɗana ne, na fari.

Jiya da magariba na tsaya a ƙofar ɗakinsa na kira shi da ƙarfi, Mus'ab. Innarki ta fito da gudu daga madafa, ta zaci dawowa ya yi.

Kawunki,
Kalilu